Littafin Sai-Gobe: inda aiki ya kwana

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Babi uku sun zauna a cikin kaye, na huɗu yana ta yi mini gardama. Na ga gara in riƙa rubuta inda aikin ya kwana, ko masu tare ni a hanya suna cewa "Mushe, ina labarin littafin?" (Mushe ake ce wa malamin makaranta a nan) sa samu amsar da ta fi "yana nan tafe".

Littafin yara ne, na dariya da yawon duniya, da Hausa, kuma duniyar tasa ba ta wuce Damagaram, wato Zinder, da kewayenta ba. Yara uku ne da jaki. Tanko shi ne babba, shi ya naɗa kansa shugaba. Ladi ƙanwarsa ta fi shi lissafi, kuma ba ta ɓoyewa. Sai Auta, wanda ba ya magana sai ta kama dole, in ya yi kuwa sai wani babba ya ji kunya. Jakin sunansa Sai-Gobe, don ita ce amsar da yake ba duk wanda ya nemi ya ɗaga ƙafa. Famfon unguwa ya ƙafe, Kaka ta aike su neman ruwa da amalanke da bido shida, sai suka tsinci wata takarda a cikin tsohuwar jakar fata. Tanko ya rantse taswirar ɓoyayyar rijiyar Sarki Tanimun, tsohon sarkin Damagaram, ce. Daga nan aka mance da aike, aka bi takarda.

A aji CM1, wato aji biyar na firamare, nake koyarwa. Yaran da ke gabana sun iya haɗa baƙi, amma da wuya ka ga ɗayansu ya ɗauki littafi don ransa ya so. Ban ga laifinsu ba. Abin da ke hannunmu da Faransanci, kafin a tsaya a fassara kalma uku a kai wurin dariyar, dariyar ta huce. Na Hausa kuwa, ko littattafan soyayya da ke shigowa daga Kano, waɗanda ba na ɗan shekara goma ba ne, ko ƴan ƙasidun wayar da kai: wanke hannu, kwana cikin gidan sauro. Suna da amfaninsu. Amma babu yaron da zai laɓe bayan ɗaki don ya karanta wanke hannu.

Abin da ya tsayar da babi na huɗu shi ne takardar kanta. Taswirar gaske ba za ta zama ba. In yaran suka tono rijiya a ƙarshe, labari ya koma na aljannu, ni kuwa na mutane nake so.

Alhamis, 30 ga Janairu

Yau kasuwa ta ci. Na fita sayen takarda a Kasuwar Dole, na dawo da maganin babi na huɗu.

Akwai wata dattijuwa mai alkaki a Zango da nake ciniki wurinta tun ina ɗan kwaleji. Na tarar tana tsamo alkaki daga mai tana tsomawa cikin ruwan sukari, ga wani ɓallen kwali jingine da bango, cike da zanen gawayi. Ba ta yi boko ba, ba ta rubuta ajami, amma bashinta ba ya ɓata. Kowane mai bashi da alamarsa: wannan hula, wannan ƙafar babur, wancan ƙatuwar da'ira da ɗan kai a bisa, wato mai tumbi. Ƙarƙashin kowace alama ga ƴan layuka a jere, kowane layi dala ashirin. Wanda ya biya, ta dangwali ruwa ta goge.

Na ce, "Inna, wannan mai rawanin fa? Layukansa sun kusa faɗowa daga kwalin."

Ta ce, "Kai dai ɗana, karɓi alkakinka ka bar tone-tone. Tun ƙaramar salla yake ce mini gobe."

A bayan kabu-kabu na gama tsara abin. Takardar da yaran suka tsinta ta bashin mai alkaki ce. Su sun ɗauka alamomin hanyar rijiya ne, sai su bi su gida-gida, su yi sallama, su ɗaga takarda. Manyan da ke ciki kuwa, da sun hango ta sun gane ta. Wani ya biya hannu na rawa, wani ya haura katanga, wani ya aiko a ce ba ya nan. Kuɗi na ta taruwa a hular Auta, Tanko kuma yana ƙara sakankancewa cewa mutanen gari sun san sirrin rijiyar, toshiyar baki suke ba su.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Karatun gwaji na farko, a zauren gidan yayata a Birni, bayan la'asar. Ƴaƴanta ne da na maƙwabta, daga ɗan shekara shida har masu shirin shiga kwaleji. Na karanta musu babi na huɗu da na biyar, ina sa alama da bik a gefen shafi duk inda aka yi dariya, da kuma duk inda aka fara tsunkulin juna.

Wurin da ya tashi zauren shi ne gidan mai tumbi. Alhaji ya hango takarda ta ƙofar zaure, ya rasa wurin ɓuya, ya faɗa cikin babbar randa, da ma ba ruwa a cikinta tun shekaranjiya. Uwargida ta fito ta ce wa yara, "Alhaji ba ya nan, ya tafi Kano." Can sai randa ta yi atishawa. Kowa ya yi tsit. Auta ya dubi randar, ya dubi uwargida, ya ce, "Hajiya, Kano ta yi atishawa." Sai da na dakata, don wani yaro ya faɗo daga kan dakali, ƙanwarsa kuma tana ta roƙo a maimaita. Da na maimaita, tare muka faɗa.

Abin da na fi lura da shi: tun a gida na biyu manyan cikinsu suka gano takardar bashi ce. Hakan kuwa shi ya kunna su. Suka riƙa yi wa Tanko ihu, "Kai, bashi ne!", suna dukan cinya, suna raɗa wa ƙanana. Yaro yini yake ana nuna masa bai sani ba, a gida da lekol da makarantar allo. In ka ba shi labarin da shi ne ya sani, jarumin bai sani ba, ka ba shi abin da ba ya samu ko'ina. Don haka ba zan ɓoye sirrin takardar ba. Zan ma ƙara buɗe shi da wuri, don ƙananan su ma su kama da kansu.

Jakin ma ya yi aikinsa. Duk lokacin da Tanko ya ɗaga sanda ya ce a tafi, sai in yi shiru, su kuma su amsa baki ɗaya, "Sai gobe!" Ban koya musu ba. Kunnen da ya saba da "ga ta nan, ga ta nanku" ya san inda ake bar masa gurbi ya shigo. A karo na uku dariyar ta fi ƙarfi, a na biyar ta fara sanyi. Ke nan a na huɗu dole jakin ya saɓa, ya zabura da gudu lokacin da kowa ke so ya tsaya.

Inda aka yi tsunkuli: shafi guda da na zayyana fitowar rana a kan duwatsu. Kullum suna ganin duwatsun, ba sa bukatar a gaya musu kalarsu. Ya koma layi biyu.

Da aka tashi, wasu ƴan maza suka kawo shawara a sa wani mai taɓin hankali a labarin, irin wanda suke bi da tsokana a titi, wai za a fi yin dariya. Na ce a'a. Za a yi dariyar, na sani, amma ba irinta nake nema ba. A littafin nan wanda ya fi ƙarfi shi ke shiga randa.

Talata, 25 ga Fabrairu

An samu mai zane. Wani saurayi ne da ke yi wa masu aski da masu abinci allunan ƙofar shago, wani lokaci har bayan manyan motoci. Bai taɓa zanen littafi ba. Na karanta masa shafi biyu, ya ɗauki fensir ya fitar da Sai-Gobe: kunne ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance, ido rabi a rufe irin na ma'aikacin da aka kawo wa takarda ana shirin tashi. Ban ƙara neman kowa ba. Mun yi ciniki a kan kowane zane, rabi yanzu, rabi in an buga.

Juma'a, 14 ga Maris

Azumi ya rage saurin rubutu. Da rana kai ba ya ɗauka, da dare kuma ƴan tashe ba sa bari. Na ajiye bik na zauna ƙofar gida ina kallonsu, kuma ban ɗauke shi asarar lokaci ba.

Wani ɗan yaro ya zo da gemun auduga da aka liƙa masa da koko, ya cusa matashin kai a ciki, babbar rigar ubansa tana jan ƙasa, yana dogara kara yana tari irin na tsofaffi. Kafin ya buɗe baki gidanmu ya ɗauki dariya. Wanda ya fi kowa ƙyaƙyatawa kawuna ne, mai gemun gaske, shi ya ba da kuɗin ma. Garin nan ya daɗe da ware wa yara filin da za su kwaikwayi manya ba tare da an ce rashin kunya ba ne. Ga tashe, ga wasan kara, inda samari ke ƙera tabarau da bindiga da na'urar hoto da karan dawa, wani ya fito a shugaban ƙasa, wani a minista, hukuma na zaune tana tafi. Littafina ɗan wannan gidan ne.

Abu ɗaya na ɗauka daga ƴan tashen: ba sa bayani. Tsoho ya shigo, ya yi abinsa, a ba da sadaka, su wuce gida na gaba. Na koma babi na shida na datse duk inda nake gaya wa mai karatu dalilin da abu ya zama abin dariya.

Asabar, 5 ga Afrilu

Na kai wa Malam rubutun a gidansa da ke Garin Malam. Shi ya koyar da ni a firamare, ya daɗe da ajiye alli, amma jan bik ɗinsa bai bushe ba.

Na tarar da shi da rediyo a kunne. Maganar da ke bakin kowa ita ce kundin sake fasalin ƙasar Nijar da aka sa wa hannu ranar 26 ga Maris, wanda ya ce Hausa ita ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Malam bai yi tsalle ba. Ya ce a nan Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko da ake koyarwa da Hausa tun 1973, kuma abin da ya fi ba su wuya a lokacin shi ne abin da yaro zai karanta in ya iya. "Doka ba ta zama littafi," in ji shi. Daga nan ya sa tabarau ya shiga nawa.

Ya karanta har randa. Na ga gefen bakinsa ya motsa, ya danne. Da ya rufe kaye ya ce, "Yaro, ina darasin?"

Na ce, "Malam, ai yana ciki."

"Ban gan shi ba. Na ga dattijo a cikin randa, na ga yara suna karɓar kuɗin mutane. Gobe wani ya je ya leƙa randar ubansa."

Yana so a rufe kowane babi da nasiha da tambayoyi biyar. Ni kuwa na san abin da tambayoyi biyar ke yi wa labari, kullum ina gani a aji. Da yaro ya hango su a ƙasan shafi ya gane an yi masa tarko, sai ya daina bin Tanko ya koma farautar amsa. Mai cin bashi ya ƙi biya ya ƙare a cikin randa yana atishawa. Wace nasiha zan ƙara a kan wannan da ba za ta rage mata ƙarfi ba?

Amma Malam ya kama wani abu na gaske. Ya ce yaran Damagaram ba sa tsayawa ƙiƙam a gaban babba suna ɗaga masa takarda. Muka yi shawara: Tanko da ƙannensa ba za su taɓa ɗaga murya ba. Duk gidan da suka shiga sai sun cire takalmi, sun durƙusa, sun yi gaisuwa har ƙarshenta, lafiyar gida da gajiya da zafi, alhali mai gidan na bisa katanga ƙafa ɗaya a waje. Da na gwada a babi na shida, ladabin ya ninka dariyar. Tambayoyin kuwa, in an matsa, za su fito a takarda daban ta malamai. Cikin littafin ba za su shiga ba. Malam bai ce ya yarda ba, ya dai ce in bar masa kayen ya kwana biyu.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Zafi ya kai inda ya kai. Tun asuba bido ke jere a bakin famfo, masu ga-ruwa sun zama sarakuna, kowa na gaishe su da girmamawa. Ba sai na ƙirƙiro komai a babi na farko ba.

Tambayar makon nan: tarihi nawa labarin zai iya ɗauka bai durƙushe ba? Tun da Tanko na neman rijiyar Sarki Tanimun, dole a san wane ne shi: sarkin da ya kewaye Birni da ganuwa, aka ƙera masa igwa a cikin garin nan, ya rasu a 1884. Akwai zuwan Faransawa a 1899, akwai shekarun da Zinder take babban birnin mulkinsu kafin su kwashe zuwa Yamai a 1926. Akwai kuma dalilin ƙishin namu: garin a kan dutse yake zaune, ƙasarsa ba ta riƙe ruwa, shi ya sa ake jawo shi daga nesa, daga Gogo-Machaya da Arunguza da Ganaram. Duk ina so yaro ya sani. In na jera su kuwa, littafin tarihi na rubuta.

Sai na zuba su a bakin Kaka, cikin faɗa. Tana ɗaura wa jaki bido tana mita: "Ku da kuke ƙorafi, ko Nasara da ya ga ba ruwa tattara takardunsa ya yi ya koma Yamai, mu muna nan." Shekara ɗaya tak ta shiga littafin da lamba, sauran suna yawo cikin masifar Kaka. Wanda ya so ƙari ya tambayi kakarsa.

Na je Mirya yau, ranar kasuwarta, don in auna tafiyar babi na takwas. Kimanin kilomita 18 ne. Na tambayi wani mai amalanke da ya kawo kayan lambu ko yara za su iya kaiwa da jaki kafin azahar. Ya ce, "Wane irin jaki?" Na kwatanta masa Sai-Gobe. Ya ce su ɗauki guzurin kwana biyu. Babin Mirya ya fita, labarin zai tsaya cikin gari. Masu karatuna sun san jaki, ba za su yafe mini ƙarya a kansa ba.

Talata, 20 ga Mayu

Zane ya kai rabi. Ya yi kyau matuƙa a kan lungunan Birni, da adon da ake yi wa fuskar zaure, da majema inda Auta ke toshe hanci da hularsa kuɗi na zubewa.

A zanen da yaran ke wucewa kusa da fada, ya sa tsohon masallacin ƙasa a tsaye, daga wani hoto da ke wayarsa. Masallacin ya rushe da ruwan saman farkon Satumba 2024, bayan ya haura shekara 170. Ɗan yayata na gani ya ce, "Kawu, ai wannan ya faɗi." Mai zane ya tambaya ko ya goge. Na ce ya bar shi.

Asabar, 14 ga Yuni

Babbar salla da jarrabawar ƙarshen shekara sun cinye makonni. Abin da ya faru mai muhimmanci ɗaya ne. Ɗiyar yayata, mai shekara goma sha ɗaya, ta tare ni a tsakar gida.

"Kawu, ka ce Ladi ta fi Tanko lissafi."

"Haka ne."

"To don me mu muka gane bashi ne ita ba ta gane ba? Igiyar jaki kawai take riƙewa."

Ba ni da amsa, sai aiki. Yanzu Ladi ta gane tun a gida na biyu, ta yi gum. Ta san hannun mai alkakin, ta san tsohuwar ta gaji da bin mutanen nan, sai ta bar Tanko ya yi ta surutun rijiya, ita kuma tana goge layuka ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa. Mai karatu ya samu abokiyar sirri a cikin labarin. Babi huɗu za su sake sabon zubi a hutun nan.

Asabar, 9 ga Agusta

Rubutu ya shiga kwamfuta. Ranar da na kai shi shagon fotokopi don a fitar da shafukan gwaji, duk inda ɓ da ɗ da ƙ da ƴ suke sai ga ƴan akwatuna. Yaron shagon ya ce a mayar da su b da d da k kawai, "ai kowa zai gane". Babba zai gane. Mai koyo da ke bin layi da yatsa, in ka cire masa lanƙwasa ka sa masa tuntuɓe a kowane layi. Wani abokin aiki ya nuna mini zubin haruffa mai suna Andika, wanda aka tsara don masu koyon karatu, kyauta ne, yana da duk haruffanmu, kuma "a" ɗinsa irin wadda muke rubutawa a allo ce. Yanzu a PDF nake kai aikin, ba mai taɓa mini komai.

Sai kuɗi. Na sa wa kaina iyaka: kada littafin ya wuce jaka ɗaya, don uwa mai sayar da ƙosai ta iya saye ba tare da ta yi shawara da kowa ba. Da zane mai launi a ciki, ba yadda za a yi. Ke nan bango mai launi, ciki baƙi da fari, layukan zanen a buɗe yadda mai fensirin kala zai cike da kansa. Mai zane ya ɓata rai kwana ɗaya, ya huce.

An ba ni shawara in bi ta Matamai da Daura in kai Kano, bugu ya fi araha. Wataƙila. Amma can 'y suke rubutawa inda muke rubuta ƴ, kuma in wani ya ce zai gyara mini, ba na kusa balle in hana. Zan fara jin farashin nan gida da na Yamai.

Asabar, 18 ga Oktoba

An koma lekol. Na yi ƴan kofe na gwaji, fotokopi da ƙusar takarda, babi tara ba na ƙarshe, na ba da aro a ajina da sharaɗin a dawo da su ranar Juma'a. Wannan karon ba ni zan karanta ba. Abin da nake son gani ke nan tun farko.

Shafin farko ya ba su wuya. Da Faransanci aka koya musu haɗa baƙi, don haka c da u da sh da ts suna yi musu gardama. Wanda ya saba ganin "tch" da "ou" sai ya tsaya yana kallon "cuku". Amma ba ya daɗewa. Ya yi ƙoƙari sau ɗaya, kunnensa ya gane kalmar, ya wuce. Akwai wani yaro a layin baya da in na ce ya karanta da Faransanci sai ya fara duban taga. Ranar Laraba na hango shi bisa wani dutse bayan makaranta, abokansa sun kewaye shi, yatsansa a kan layi, yana ja yana tsayawa. Da ya kusa randa sai ya fara dariya tun kafin ya faɗa, sauran suna dukansa, "Karanta mana, mana!" Haka ya ƙarasa, da ƙyar, yana share ido da bakin riga. Ranar Alhamis ya tambaye ni ko akwai wani irinsa.

Zan ƙara shafi ɗaya a gaba, da hotuna: cokali, ungulu, shanu, tsuntsu, ɓera, ɗaki, ƙofa. Ba bayani, hoto da harafi kawai.

Kofen sun dawo da maiƙon ƙosai, ɗaya an yi wa Sai-Gobe gashin baki, ɗaya bai dawo ba, wai yana gidan kawu a Karkada. Babi mafi tsawo shi ne mafi tsabta a duk kofen, alamar tsallake shi ake yi. Zan raba shi biyu, in yanke daidai inda mai rawani ya maƙale a taga.

Manya ma sun shigo. Wani uba ya zo har ƙofar aji, ya ja ni gefe, ya rage murya: wai Alhajin randan nan, ba maƙwabcinsa nake nufi ba? Na rantse masa ban san maƙwabcinsa ba. Washegari wata uwa ta kawo nata sunan, daga wata unguwa dabam. Kowa da Alhajinsa.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Babi na goma ya zauna daren jiya. Yaran sun gama zagaye, alama ɗaya ta rage a takarda: sanda da carbi, layuka har biyu a jere. Tanko ya ce lalle nan rijiyar take. Suka bi lungu, suka bi lungu, Sai-Gobe a karon farko yana tafiya ba a roƙe shi ba, har ya tsaya a ƙofar gidansu. Ga Kaka a tsaye da sandarta da carbinta, tana jiran ruwa tun safe, bido shida ba ko ɗigo. Ta buɗe baki za ta fara, Ladi ta durƙusa, ta gaishe ta har ƙarshe, ta ɗaga takarda.

A nan ya tsaya. Ajina sun kasu biyu a kan ko Kaka za ta biya, har an kusa dambe lokacin hutun tara, don haka ba zan ƙara ko layi ba.

Saura zane uku, cikinsu har da fuskar Kaka, wadda mai zane ya ce sai ya je ya zauna kusa da tasa kakar ya ambaci bashi tukuna. Saura shafin haruffa, da farashin maɗaba'a na biyu da aka ce in koma karɓa ranar Litinin. Inna mai alkaki ta ce a sa ladanta cikin lissafi, tun da da kwalinta aka ci abinci. Mun daidaita a kan kofe ɗaya da jikarta za ta karanta mata. Malam bai ga babi na goma ba. Zan kai masa ranar Asabar bayan la'asar, in ya riga ya sha shayinsa.